Manhajata Tana Karanta Fayil Tun Bai Gama Shigowa Ba

Tambaya: Daga Madobi nake. Na rubuta manhaja da Node.js mai sa ido kan wata folda a sabar, inda manoman rani na Kura da Bunkure ke turo rahoton ruwan Tiga da ya iso gonakinsu. Takan karanta fayil ɗaya sau biyu, wani lokacin ma rabinsa kawai.

Amsa: Ɗan'uwa, halin fs.watch ke nan, hanyar da Node.js ke sa ido kan folda. A Linux tana dogara ne da inotify, wanda ya shigo tun 2005, shi kuwa duk motsin da aka yi sai ya sanar: an ƙirƙiri fayil, an ƙara masa rubutu. Fayil da ke tahowa ta intanet ɗin waya mai yankewa gutsure-gutsure yake isowa, kai kuma ka ɗauka tun ƙwanƙwasar farko.

Maganin da na fi yarda da shi: a riƙa sauke fayil a wata folda dabam, sai ya kammala a mayar da shi zuwa wadda kake gadi, muddin foldodin biyu a faifai ɗaya suke. In ba hali, ɗauko manhajar chokidar ka kunna awaitWriteFinish, ta jira girmansa ya daina ƙaruwa.

Idan foldar tana kan wata kwamfuta ta NFS, inotify ba ya ganin rubutun da aka yi daga can. Sai dai leƙawa lokaci-lokaci.

Kuma duk sanda manhajar ta mutu, ko aka ɗauke wuta, abin da ya shigo kafin ta farfaɗo ba wanda zai faɗa mata. Don haka ka sa da ta tashi ta fara bin foldar kaf, tana gwadawa da jerin fayilolin da ta riga ta karanta.