Wasiƙa Zuwa ga Ɗaliban Tauhidi Masu Shirin Kiwon Ikkilisiya

Ƙannena da 'ya'yana da ke karatu a TCNN ta Bukuru, da JETS ta Jos, da Kagoro, da ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki na karkara,

Na lura da yawanku kun fi ɗokin darasin wa'azi, domin shi ke fito da mutum gaban jama'a. Darasin baftisma da Jibin Ubangiji da ceto kuwa, sai a haddace don jarrabawa a ajiye. Ina roƙonku ku sake shawara. Gardamar da kuke gani kamar ta mutanen da ce, ita ce za ta ƙwanƙwasa ƙofarku da dare a ikkilisiyar farko da za a tura ku.

A shekara ta 250, Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. Masu bi da yawa suka ji tsoro suka yi. Da ƙura ta lafa sai suka dawo da kuka suna neman a karɓe su. Wasu suka ce ƙofa ta rufe har abada, wasu suka ce a buɗe ba wani sharaɗi. A 251 Bishop Sifiriyan ya tara shugabanni a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, aka yanke cewa a duba nauyin abin da kowa ya yi, a maido da shi bayan tuba da horo. Ku da kuka fito daga Borno da Adamawa, inda Boko Haram ta kai har hedikwatar EYN a Kwarhi a 2014, kun san wannan ba tatsuniya ba ce. Akwai matar da aka tilasta wa musun bangaskiyarta da bakin bindiga, ta kuɓuta, ta dawo gida. Za ta tambaye ku ko sai an sake yi mata baftisma, ko tana iya miƙa hannu ta karɓi gurasa. Idan ba ku yi karatu ba, ko dai ku ƙara mata ciwo da tsanani, ko ku sallame ta da kalma mai daɗi wadda ba ta kwantar da lamirinta ba.

Haka zancen Donatus. Bayan tsanantawar da ta fara a 303, mabiyansa suka ce duk baftismar da limamin da ya faɗi ya yi, banza ce. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftisma, hannun mutum kawai ake ara. Duk ranar da aka dakatar da wani fasto saboda abin kunya, waɗanda ya yi wa baftisma za su zo muku hankali a tashe. Amsar tana nan tun sama da shekara 1,500. Tana kuma sauke muku girman kai.

Ku san matsayin ɗariƙarku sarai, ku kuma san na maƙwabta yadda su da kansu suke faɗa. Katolika suna da sakramenti 7, yawancinmu 2. LCCN tana yi wa jarirai baftisma, ECWA tana jira sai mutum ya furta bangaskiya da bakinsa, EYN tana nutsarwa sau 3, tana kuma wanke ƙafa. Kowannensu yana da hujjar da ya dogara da ita, kuma 'ya'yansu suna auren juna. Luther da Zwingli sun zauna a Marburg a 1529, suka daidaita a kan batutuwa 14, suka rabu a kan ma'anar gurasa da ƙoƙo. Idan manya irin waɗannan suka kasa warware ta, bai dace ɗalibi ya hau bagade yana yi wa wata ɗariƙa ba'a ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ceto. Ana ta sayar da mai da ruwa da kyalle da sunan albarka, har talaka ya soma zaton alherin Allah yana da farashi. A wani gefen kuma an mai da teburin Ubangiji bulala, a hana mutum Jibi don bai biya kuɗin gini ba. Ku zauna da Romawa da Galatiyawa da Yaƙub tare, kada ku riƙe ɗaya ku yar da sauran. Ku nemi sanarwar da Katolika da Lutheran suka sa wa hannu a Augsburg a 1999 a kan barata, ku ga yadda aka tattauna rikicin ƙarnuka cikin natsuwa.

In kun fita aiki, kada ku bar ajin baftisma a hannun wanda ya samu sarari kawai. Ku koyar da shi da kanku, da harshen da tsohuwa za ta gane. Ku kuma riƙa kai Jibi gidajen marasa lafiya da tsofaffin da ƙafa ta daina kai su sujada, idan tsarin ɗariƙarku ya yarda.

Naku cikin hidima.