Amsar Tambaya: Ina zan sauka a Iskandariyya?

Malam daga Kaura Namoda, tunda daga Alkahira za ka leƙa Iskandariyya, kama ɗaki kusa da tashar Raml. Garin a miƙe yake bisa gaɓar teku, wuraren ziyara kuwa sun taru ta yamma, ɓangaren da Raml take: sansanin Ƙaitbai na 1477, masallacin Abul Abbas Almursi, da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Za a ce maka unguwar Muntaza ta fi shiru. Gaskiya ne, amma tana can ƙarshen gabas, cunkoson hanyar bakin teku zai cinye maka yini, balle a Yuli da Agusta in mutanen Alkahira sun kwararo shan iska. Sai dai gine-ginen Raml sun kwana biyu. Ka murɗa famfo ka gani kafin ka biya.