Zanen Zuriya da Ciwon Amosanin Jini

A wani gida akan haifi yaro, ya yi ta fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini har ya rasu. Ƙanensa kuma ya bi sawu. Sai a ce wabi ne, ko kuwa dangin miji su ɗora wa matar laifi. Bari mu koyi wata dabara wadda ke nuna inda wannan ciwo, wato sikila, yake fitowa.

Mu ɗauki takarda da fensir. Namiji, mu zana masa ɗan akwati. Mace, mu zana mata zobe. Mu ja layi tsakanin miji da mata, mu jera 'ya'yansu a ƙarƙashi, daga ɗan fari zuwa auta. Wanda ke da ciwon, mu cika alamarsa da baƙi. Haka za mu yi har kan kakanni.

Sau da yawa za mu ga alamar yaro baƙa ce, na iyayensa kuwa farare. Ga dalili. Kowannenmu ya gāji iri biyu na jini, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Lafiyayyen iri ana kiransa A, na sikila kuwa S. Mai AS yakan zauna lafiya, amma yana ɗauke da irin. Mai SS shi ne mai ciwo. A shekarar 1949 wani likita a Amurka, James Neel, ya gwada jinin iyaye 42 na masu wannan ciwo, ya tarar dukansu suna ɗauke da S. Ashe daga uba da uwa duka yake zuwa.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zama SS. Kada mu ce tun da ɗaya ya kamu, sauran ukun sun tsira. Kowane ciki da nasa rabo.

Amma zane ba ya ganin abin da ke ɓoye. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da S, da yawa kuwa ba su sani ba. Saboda haka saurayi da budurwa su gwada jini a asibiti tun kafin baiko. Wanda aka tarar AS ne, mu cika rabin alamarsa.

A wannan wata mu zauna da tsofaffinmu, mu zana zuriyarmu, har da yaran da suka rasu suna ƙanana. Ba don neman mai laifi ba ne, domin ba wanda ya zaɓi jininsa. Don 'ya'yanmu masu shirin aure ne.