Shirin Masauki Domin Wanda Tafiya Ke Yi Wa Wuya

Daga wani ɗalibin shekara ta biyu

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani darasi da na koya da tsada, ina so ku same shi a sauƙaƙe. Ya dace da 'yan aji biyar da na shida na firamare, gama akwai lissafi a cikinsa, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, da rubutun wasiƙa. Amma kafin mu kai shi gaban yara, ya kamata mu kanmu mu fahimce shi sosai.

Asalin wannan darasi

Shekara uku ke nan da mahaifina ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya sami sauƙi, bakinsa ya sake, amma ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa, sai da keken guragu ya ke zagawa. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ni da yayata muka haɗa 'yan kuɗinmu domin mu kai shi wani wurin shaƙatawa ya sha iska, gama ya gaji da kallon bango huɗu. Na buga waya wani masauki, na ce, "Akwai ɗaki a ƙasa domin marar lafiya?" Aka ce akwai. Na biya kafin alƙalami, hankalina kwance.

Da muka isa, ashe ɗakin a ƙasa ya ke kamar yadda aka faɗa, amma akwai matakala uku a bakin ƙofarsa. Muka ɗaga Baba da kekensa muka shigar. Sa'an nan muka tarar ƙofar banɗaki ta yi wa keken kaɗan. Dole kowace safiya in goya mahaifina kamar jariri, wata rana ma a gaban mai share ɗaki. A dare na biyu ya kira ni, ya ce, "Ɗana, na gode, amma gobe ku mai da ni gida." Na ce, "Baba, saura kwana biyu da muka biya." Ya ce, "Kuɗi na dawowa."

Ban ga laifin masu masaukin ba. Abin da na tambaya shi suka amsa. Laifin nawa ne da ban san irin tambayar da za a yi ba.

Na fari: a fara da mai tafiyar

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Masu wahalar tafiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ke iya taka 'yar tazara da sanda, amma hawa ke gagararta. Akwai wanda shan inna ya taɓa tun yana yaro, hannuwansa da ƙarfi, yana tura kekensa da kansa. Akwai kuma irin mahaifina, mai aiki da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya. Abin da ya isa wa wannan ba zai isa wa wancan ba.

Saboda haka a zauna da shi a tambaye shi. Taku nawa ya ke iya yi kafin ya huta? Yana iya tashi daga kujera shi kaɗai? Wane hannu ne mai ƙarfi, domin a san ta wane gefen gado zai sauka? Wa ya yarda ya taimake shi wajen wanka? Me kuma ya ke marmarin gani a can? Kada a yanke masa shawara a bayan idonsa. Ƙafarsa ce ta raunana, hankalinsa na nan.

Na biyu: a auna

Kalmomi irin su "fili" da "sauƙi" ba su da ma'auni. Abin da mai ƙafa biyu ya kira sauƙi, ga mai keke katanga ne. To, sai a nemi tef ɗin tela a auna keken a gida, daga bayan wannan ƙafa zuwa bayan waccan. Yawancin kekunan manya faɗinsu tsakanin santimita 60 ne da 70. Ga awon da za a nema a masauki:

1. Ƙofa. Faɗinta in an buɗe ta kada ya kasa santimita 80, watau kimanin inci 32, domin hannun mai turawa ma yana bukatar wuri. A auna ƙofar ɗaki da ta banɗaki dabam dabam, gama ta banɗaki ta kan fi ƙanƙanta.

2. Dokin ƙofa. In ya yi tudu, ƙananan ƙafafun gaba na keke su kan tokare, mai keken ya kife. Wanda ya wuce kaurin ɗan yatsa abin lura ne.

3. Wurin juyawa. Keke yana bukatar fili mai faɗin santimita 150, watau ƙafa biyar, kafin ya juya sosai. In gado da tebur sun cinye ɗakin, a roƙa a fitar da tebur.

4. Gado. Wanda ya fi kyau shi ne mai tsawo daidai da mazaunin keke, kimanin santimita 50 daga ƙasa. In ya fi haka da yawa, hawa ya yi wuya. In ya yi ƙasa ƙwarai, tashi ya yi wuya.

5. Banɗaki. A nan ne aka fi faɗuwa. A tambaya ko masan na zama ne ko na tsuguno, ko akwai ƙarfen dafawa a bango, ko kuwa sai an ɗaga ƙafa an shiga kwamin wanka. Daɓe mai santsi in ya jiƙe maƙiyi ne.

6. Gangare. Inda akwai matakala, a kan yi gangaren siminti ko na katako domin keke. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: kowane inci ɗaya na tsawo yana bukatar ƙafa ɗaya ta gangare. Matakala uku, kowace santimita 15, sun zama santimita 45. A ninka sau 12, an sami santimita 540, watau mita biyar da santimita 40. Kun ga ke nan ɗan guntun katakon da a kan jingina a bakin ƙofa ba gangare ba ne, tarko ne.

Na uku: a san yanayin wurin

Ɗaki mai kyau bai isa ba in abin da aka zo gani yana inda ba a iya kai wa. Bari mu ɗauki wurare uku na ƙasarmu mu gwada.

Yankari yana Jihar Bauchi, a ƙasar Alkaleri. An keɓe dajin domin namun jeji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Masaukinsa yana sansanin Wikki, kimanin kilomita 40 daga ƙofar shiga. Kallon giwa da ɓauna da gwanki cikin mota a ke yinsa, saboda haka ya dace da mai wahalar tafiya, muddin an san yadda zai hau motar, an kuwa ba shi kujerar gaba saboda girgiza. An fi ganin namun da rani, sa'ad da su ke taruwa a bakin kogin Gaji, amma lokacin ne kuma zafi ya fi tsanani. Ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke zaune a kan digiri 31 rani da damina, yana cikin kwari ne a ƙarƙashin sansanin, da matakala masu yawa a ke sauka gare shi. Wanda ya san haka tun daga gida sai ya shirya masu taimako, ko kuwa ya gaya wa mai tafiyar gaskiya tun da wuri. A kuma lura da gwaggon biri, gama su kan shigo sansanin su fizge abinci, mai zaune a keke kuwa ba ya iya kauce musu da sauri.

Obudu yana Jihar Kuros Riba, kusa da iyakar Kamaru, a bisa tsauni mai tsawon fiye da mita 1,500 daga gaɓar teku. Da kiwon shanu aka fara wurin a 1951. Hanyar hawa tsaunin kimanin kilomita 11 ce, mai kwana kusan ashirin, wadda ke iya wahal da wanda ba ya iya riƙe jikinsa cikin mota. A 2005 aka kafa keken igiya mai ɗaukar mutane zuwa bisa. A tambaya tun da wuri ko yana aiki a ranar, da yadda mai keke zai shiga. Can bisa akwai sanyi da hazo, sanyi kuwa ya kan tsananta ciwon gaɓoɓi. A tafi da bargo da rigar sanyi da safa.

Ikogosi yana Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke ɓuɓɓugowa kusa da juna cikin kurmi, su gangaro su haɗu. A irin wannan wuri babbar tambaya ita ce nisan ɗaki da mahaɗar ruwan, da irin hanyar da a ke bi, da yadda ta ke bayan ruwan sama.

A duk inda akwai ruwan ɗumi a tuna da abu ɗaya. Mai shanyewar jiki ko mai ciwon sukari ya kan rasa ji a ƙafarsa, har ya ƙone ko ya yanke bai sani ba. Mai lafiya ya fara gwada ruwan da hannunsa, kada kuma a bar marar lafiyan shi kaɗai a ciki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likitansa tun kafin a tashi.

Na huɗu: a yi tambaya a rubuce

Magana ta waya iska ce. A rubuta wa manaja, a nemi amsa a rubuce tare da hotuna, gama gani ya kori ji. Ga misali:

"Zuwa ga Manaja. Bayan gaisuwa, ina so in kawo mahaifina masaukinku na kwana uku. Yana amfani da keken guragu mai faɗin santimita 66. Ina roƙo a auna mini faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki, a faɗa mini matakala nawa ne daga inda mota ke tsayawa zuwa ɗakin, da kuma daga ɗakin zuwa wurin cin abinci. Ina so a aiko mini da hoton banɗakin. In ɗakin ya dace, ina roƙo a rubuta lambarsa a kan rasit, domin kada a sāke mana wani ranar da muka zo. Na gode."

A ƙara da tambayar wutar lantarki. In ɗakin a bene ya ke, ana hawa da na'ura, ranar da aka ɗauke wuta mai keke ya zama ɗan fursuna. Ɗakin ƙasa kusa da wurin cin abinci ya fi. A tambayi asibitin da ya fi kusa, da nisansa, da ko akwai mota da dare.

Kada mai tambaya ya ji kamar bara ya ke yi. Majalisar Tarayya ta zartar da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Janairu na 2019. Ta ba da shekara biyar domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairu na 2024. Duk da haka tambaya da ladabi ta fi saurin buɗe ƙofa, ma'aikacin da aka girmama kuwa shi zai ɗauko tef da kansa.

Na biyar: guzuri da hanya

A ɗauki magani wanda zai wuce kwanakin tafiya, a riƙe shi a jaka ta hannu tare da takardar likita. A tafi da kujerar roba domin wanka, da tabarmar roba mai hana santsi, da fo domin dare, da fitila, da gidan sauro, da famfon iska da faci in ƙafafun keken na iska ne. A hanya a tsaya bayan kowace awa biyu, ya gyara zama, a motsa masa ƙafafu, domin dogon zama wuri ɗaya ya kan kawo kumburi da gyambo. Masu taimako su zama biyu, su riƙa karɓar juna. In ana gangarar da keke a wuri mai tsayi, da baya baya a ke yi, mai turawa yana ƙasa.

Bara muka sake gwadawa a wani wuri, bayan wasiƙa biyu da hotuna shida. Baba ya shiga banɗaki da kansa, ya rufe ƙofa. Da yamma ya zauna a baranda yana ba jikokinsa labari har sauro ya kore mu. Ranar dawowa shi ne ya tambaya ko ba za a ƙara kwana ɗaya ba.

Aiki domin 'yan makaranta

1. Ku auna faɗin ƙofar ajinku da ta bayan gidan makaranta. Keke mai faɗin santimita 66 zai wuce?

2. Barandar wata makaranta tana da matakala huɗu, kowace inci shida. Gangare mai ƙafa nawa za a gina?

3. Ku nuna Bauchi da Kuros Riba da Ekiti a taswira. Wanne wuri za ku zaɓa wa tsohuwa mai ciwon gwiwa, don me?

4. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga manajan wani masauki a madadin kakanku mai tafiya da sanda.

Malam ya kula ƙwarai in akwai yaro mai naƙasa a ajin. Kada a tsai da shi a gaba a mai da shi abin kallo. In ya ga dama ya yi magana, a saurare shi, gama a wannan darasi ya fi malamin sani. In kuwa awon tambaya ta fari ya nuna ƙofar makaranta ta yi kaɗan, a rubuta sakamakon da kyau a kai wa hedimasta.