Sifirin da Shokazoba a Ƙananan Motocin Tsere: Ɗaurawa da Daidaitawa

1.0 Gabatarwa

Ƙananan motocin tsere da ake sarrafawa daga nesa da na'urar rediyo sun daɗe da wuce matsayin kayan wasan yara. Tun a 1979 aka kafa IFMAR, ƙungiyar da ke shirya gasarsu ta duniya. Kamfanoni irin su Tamiya da Kyosho na Japan da Team Associated na Amurka suna ƙera su bisa ma'auni, kamar 1:10, watau tsawon motar kashi ɗaya ne cikin goma na babbar mota. A 1984 Team Associated ya fito da RC10, wadda ta lashe gasar duniya ta farko ta motocin turɓaya masu batir a 1985.

Sau da yawa sabon shiga yakan zuba kuɗi ya sayo sifirin da shokazoba masu tsada, yana zaton da ya ɗaura su gudu zai ƙaru, sai ya tarar motar ta fi dā wuyar tuƙi. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa amfanin waɗannan kaya yana ga yadda aka ɗaura su da yadda aka daidaita gaba da baya.

2.0 Aikin Sifirin da Shokazoba

Nauyin mota mai tafiya ba ya zama wuri ɗaya. Idan an taka birki yakan koma gaba, idan an ƙara wuta ya koma baya, a kwana kuwa ya danne tayoyin waje. Sifirin ne ke tallafe wannan nauyi, yana lotsawa gwargwadon ƙarfin da ya danne shi, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678. Amma sifirin kaɗai zai yi ta lilo ne da motar. Wannan ya sa ake haɗa shi da shokazoba, wani ɗan bututu cike da man silikon, wanda fistin mai ƙananan huji ke kai da kawowa a cikinsa. Da yake tilas man ya bi ta hujin, sai ya rage wa motsin garaje. A taƙaice, sifirin ke yanke iyakar karkatar mota, mai kuwa shi ke yanke saurin karkatar.

3.0 Yadda Ake Ɗaurawa

Da farko a cire tsofaffin shokazoba, a ɗaga hannuwan da ke riƙe da tayoyi, a sake su. Idan ba su faɗo da kansu ba, akwai inda ya cije, kuma babu man da zai gyara wannan. Sai a sassauta kusa ko a share datti tukuna.

Na biyu, a cika bututun da mai, a riƙa motsa fistin a hankali har kumfa ya taso, a jira ya washe kafin a rufe. Iskar da ta maƙale a ciki takan sa fistin ya zarce babu tirjiya. Kada a kama sandar fistin da filaya tsirara, domin ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yaga zoben roba, mai ya shiga yoyo.

Na uku, a auna shokazoban dama da na hagu, tsawonsu ya zo daidai. In ba haka ba, motar za ta sha kwanar dama daban da ta hagu.

Akwai kuma abin lura game da hannuwan alminiyam. Suna da ƙyalli, amma idan mota ta yi karo sukan lanƙwashe su zauna a haka, alhali na roba kan ɗan tanƙwara su dawo. Saboda haka ƙwararru da yawa suna barin na roba.

4.0 Yadda Ake Daidaitawa

Ana farawa ne da tazarar cikin mota daga ƙasa, bayan an sa batir. Motar kwalta mai ma'aunin 1:10 takan zauna a milimita 5 zuwa 6, ta turɓaya kuwa a wajen milimita 20. Zoben da ke matse sifirin wannan tazara kawai yake canzawa. Mai son ƙarin tauri sai ya canza sifirin ɗin kansa.

Sa'an nan a dubi mai. Fili mai gargada yana son mai mara kauri, domin taya ta riƙa bin ƙasa sau da ƙafa. Fili mai manyan tudun tsalle kuwa yana son fistin mai ƙananan huji, don kada cikin motar ya bugi ƙasa wajen dira. Har ila yau, akan ɗan karkatar da saman tayoyi ciki da digiri 1 zuwa 2, domin idan mota ta kwanta a kwana tayar waje ta taka ƙasa da faɗinta.

Babbar ƙa'ida ita ce, galibi ɓangaren da ya fi laushi shi ya fi kama ƙasa. Alal misali, idan an murɗa sitiyari amma gaban mota ya zarce, sai a sa sifirin mai laushi a gaba. Idan kuwa baya ne ke zamewa har motar ta juya, sai a tausasa baya ko a ƙara wa gaba tauri. Abin da aka ba ɓangare ɗaya, daga ɗayan aka rage shi.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata mai karatu zai fahimci cewa babu daidaitawa guda da ta dace da kowane fili. Hanyar da ta fi ita ce a canza abu ɗaya tak, a zagaya fili sau da dama, a auna lokaci da agogo, a rubuta, kana a taɓa na biyu. Wanda ya canza mai da sifirin da karkatar taya a lokaci guda, ko da motarsa ta gyaru, ba zai san wanne ya gyara ta ba, balle ya maimaita a tsere na gaba.