AUREN DATTIJO DA BAZAWARA: ABIN DARIYA NE KO SUNNA?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya wa kowane mutum ƙuruciya da ƙarfi da furfura, ko wanne da lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata wasiƙa da wani dattijo ya aiko mana daga unguwar Mandawari, cikin birnin Kano. Ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Ya ce shekarunsa 62, ya yi wa gwamnati aiki shekara 35 ya yi ritaya, kuma yau shekara uku ke nan da rasuwar uwar 'ya'yansa. Da ya ga zaman banza zai kassara shi, sai ya kama ɗan shago yana sayar da huluna. Cikin masu kawo masa ɗinki akwai wata baiwar Allah, ta tasam ma hamsin, ita ma mijinta ya rasu. Shekara biyu suna ciniki, bai taɓa kama ta da ha'incin ko kwabo ba, har Allah Ya sanya masa ƙaunarta, ya aika, ta amsa. Nan fa gida ya rikice. 'Ya'yansa suka ce zai kawo mai cin gado, babban ɗanta kuma ya ce mace mai jikoki ba ta sake aure. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, ran nan da dare ana kallon wasan Gidan Badamasi a tsakar gida, sai wani cikin yaran ya nuna talabijin ya ce ga Baba can, aka kwashe da dariya. Tambayarsa ita ce: shin abin da yake nufin yi zubar da girma ne a addini?

ABIN DA WASAN YAKE NUFI

Mutanen Kano ba baƙin wasan kwaikwayo ba ne. Tun zamanin Kuliya Manta Sabo, da buɗe gidan talabijin na CTV a mulkin Gwamna Abubakar Rimi, ake amfani da raha a yi wa jama'a hannunka mai sanda. Shi wannan wasa na Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya shirya, tashar Arewa24 ta soma nuna shi a 2019, labari ne na wani tsohon attajiri mai tarin 'ya'ya, waɗanda idonsu ke kan dukiyarsa. Wanda duk ya kalle shi da idon basira zai ga ba tsohon kaɗai ake yi wa shaguɓe ba. Rabin dariyar a kan 'ya'yan take, masu lissafin gado alhali kuwa mai dukiyar yana numfashi. Ashe yaron da ya nuna ubansa a talabijin, da ya ƙara dubawa da ya hangi kansa a ciki.

Illar da ke akwai ita ce, yawan ganin tsoho mai neman aure a matsayin abin ban dariya ya sa mun daina rarrabe mai wauta da mai neman halal. To, bari mu ga abin da Shari'a ta ce.

HUKUNCIN ALƘUR'ANI DA SUNNA

A cikin Suratun Nur, aya ta 32, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci jama'ar Musulmi su aurar da marasa aure daga cikinsu. Malaman tafsiri sun bayyana cewa kalmar da aka yi amfani da ita a nan ta haɗa namiji da mace, wanda ya taɓa aure da wanda bai taɓa ba, kuma ba a yanke wasu shekaru da umarnin zai faɗi ba. A Suratur Rum, aya ta 21, an ambaci natsuwa da ƙauna da jin ƙai a matsayin abin da Allah Ya sanya tsakanin ma'aurata. Wa ya fi bukatar natsuwa da jin ƙai kamar mutumin da abokan aiki suka watse, 'ya'ya suka kama gidajensu, ya wayi gari ba mai ce masa ina kwana? Har ila yau, a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 4, an yanka iddar wata uku ga matar da ta daina jinin al'ada, wanda ke nuna Shari'a ta san da zaman aurenta, kuma ba ta rufe mata ƙofar wani ba.

In muka leƙa gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai mu tarar da al'amarin a fili. Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, bazawara ce, ta yi aure sau biyu kafinsa, kuma a zance mafi shahara shekarunta 40, shi kuwa 25. Mafarin abin ma ciniki ne: ta ba shi dukiyarta ya tafi Sham fatauci, ta ga amanarsa, ta nemi aurensa. Suka zauna kimanin shekara 25 bai yi mata kishiya ba. Mai wasiƙarmu ya lura, amanar da ya gani a kan ɗinkin hula irin wannan hanya ce, ba abin kunya ba.

Cikin iyayen muminai duka, Nana A'isha ce kaɗai ya aura tana budurwa. Sa'ad da Abu Salama ya rasu a shekara ta 4 bayan Hijira, Manzon Allah ya nemi auren Ummu Salama, sai ta kawo uzuri uku: tana da kishi, ta manyanta, ga kuma yara. Ya ba ta amsa cewa zai roƙi Allah Ya yaye mata kishin, shi ya girme ta, yaran kuwa sun zama iyalinsa. Waɗannan uzurori su ne dai zawarawanmu ke kawowa har yau, kuma an riga an warware su tun a Madina. Ita ce kuwa ta ba shi shawarar da ta kwantar da hankalin sahabbai ranar Hudaibiyya.

ZUWA GA 'YA'YAN

Ku 'ya'yan dattijon nan, ga abu biyu. Na farko, a mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halilu ya tabbatar a cikin Muhtasar cewa ɗa mawadaci wajibi ne ya ciyar da ubansa matalauci, har ya taimake shi ya kame kansa da mace ɗaya. Watau abin da kuke ƙoƙarin hanawa, da ubanku ba shi da hali, ku za a ɗora wa nauyinsa.

Na biyu, batun gado. Suratun Nisa'i, aya ta 12, ta ba matar mamaci mai 'ya'ya kashi ɗaya cikin takwas, abin da muke kira tumunin takaba, ko ita kaɗai ce ko su huɗu ne. In an biya bashi, an fitar da wasiyya, ya rage Naira miliyan 8, nata miliyan 1 ne, 7 na sauran magada. A kan wannan ne za ku bar mahaifinku cikin kaɗaici? Kana wa ya ba ku tabbacin shi zai riga ku?

Kai kuma ɗan wannan baiwar Allah, ka sani Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya ɗa gaba da uba wajen waliccin mace, saboda haka amana ce a wuyanka, ba sarauta ba. Littafin nan dai ya nuna bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma da bakinta za ta faɗa. Buhari ya ruwaito cewa Ma'aƙilu ɗan Yasar ya rantse ba zai bar 'yar'uwarsa ta koma wa tsohon mijinta ba, sai aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana waliyyai tauye mata. Ya yi kaffara, ya aurar da ita. In waliyyi ya ƙi mutumin kirki ba da hujja ba, alƙali na da ikon ya umarce shi, in ya doge ya ɗaura auren da kansa. Kunyar da kake ji ta al'ada ce, kada ka kai mahaifiyarka gaban alƙali a kanta.

ZUWA GA DATTIJON

Kai ma, Malam, da sauran aiki a gabanka. Ka fara raba gadon marigayiya, in ba a raba ba. Sau da yawa abin da ke cin ran 'ya'ya shi ne su ga baƙuwa a ɗakin uwarsu, kan gadonta, tana girki da tukwanenta. Naka rubu'i ne tun da ta bar 'ya'ya, ka ɗauka, ka miƙa wa sauran magada nasu a gaban shaidu.

Sa'an nan ka auna aljihunka. Ci da sha da tufa da wurin kwana suna kanka, ko da fansho ya makara. Kuɗin ɗinkinta nata ne, kada kasuwanci ya zama hanyar cinye mata jari da sunan aure. In ta fi son ta zauna a gidanta tare da marayunta kana zuwa, irin abin da Hausawa ke kira auren ɗauki sandarka, ba laifi muddin da yardarku ku biyu. Ku gaya wa juna gaskiyar lafiyarku, ku je a gwada jini. Kada kuma ka yi ta jinkiri, domin a Malikiyya auren wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani ba ya halatta, ana warware shi, matar kuma ba ta gado. Kafin a ɗaura, ciniki ya tsaya a bakin shago, ban da keɓewa.

Wanda ya cancanci dariya shi ne tsohon da zai karɓi garatuti ya bi 'yar cikin jikokinsa da kuɗi, in sun ƙare ya sake ta, ya ƙara yawan zawarawa. Kano ta san nauyin wannan matsala. Shi ya sa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa ta soma auren zawarawa da ma'aurata 100, kuma a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu. Abin da hukuma ke kashe dukiya a kai, kai ga shi za ka yi da gumin goshinka.

Amsar tambayarka ke nan: ba zubar da girma ba ne, sunna ce. Ka tara 'ya'yanka, ka gayyato limamin unguwa da wani babba cikin dangin mahaifiyarsu, a karanta musu wannan cikin lumana. Masu shirya wasanni kuma muna roƙonsu, yadda suka nuna mana tsoho mai wauta muka yi dariya, wata rana su nuna mana dattijo da dattijuwa da suka haɗu a kan sana'a da amana, suka ƙarasa kwanakinsu cikin rufin asiri.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya kyautata ƙarshenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.