Bulus Ya Sake Shiga Jirgi: Darasi Domin Masu Tsoron Tuƙi Bayan Hatsari

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44, 28:1-15
Ayar haddacewa: Zabura 56:3

Gabatarwa

Akwai wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu, direban motar haya ne, shekararsa goma sha ɗaya a kan hanya. Wata safiya tayarsa ta gaba ta fashe a gangaren Hawan Kibo, motar ta wuntsila sau biyu ta tsaya a gefen titi. Ba wanda ya rasu. Ranar Lahadi ya tsaya a gaban jama'a da bandeji a hannu ya ba da shaida, muka yi ta rawa muna yabon Ubangiji.

Bayan wata biyu ya tsare ni a ƙofar majami'a, an tashi daga addu'ar tsakiyar mako. Ya ce, "Baba Fasto, tun ranar nan ban taɓa sitiyari ba. Da na zauna a kujerar direba sai ƙirjina ya kama dukan uku-uku, hannuna ya jiƙe da zufa. Na ce wa maiɗakina motar tana wurin bakanike, alhali an gama gyara tun tuni. Mai mota ya ba ni mako biyu, in ban fito ba zai ba wani. Ga kuɗin makarantar yara. Amma ni da na ba da shaida a gaban kowa, da wane baki zan ce ina jin tsoro?"

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma haka kake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun rauni. Da yawa cikin waɗanda suka tsira, ƙashinsu ya ɗinke amma zuciyarsu tana can inda motar ta faɗi. Darasin yau dominsu ne, da kuma mu da muke zaune tare da su.

1. Tsoro bayan hatsari rauni ne, ba rashin bangaskiya ba

A 2 Korintiyawa 11:25 Manzo Bulus ya lissafta cewa sau uku jirgin ruwa ya farfashe da shi, har ya taɓa yin dare da yini a cikin teku. Ya rubuta wannan wasiƙa tun kafin tafiyarsa zuwa Roma. Ke nan hatsarin da muka karanta a Ayyukan Manzanni 27 shi ne aƙalla na huɗu. A tsakiyar guguwar, mala'ikan Allah ya tsaya kusa da shi da dare ya ce masa kada ya ji tsoro (aya 23-24). Ba a faɗa wa mutum haka sai in akwai tsoro a ransa. Shi kansa bai ɓoye ba: a 2 Korintiyawa 7:5 ya faɗi cewa da suka isa Makidoniya akwai fama a waje, akwai fargaba a ciki. Mutumin da Ruhu Mai Tsarki ya yi al'ajibai ta hannunsa ke nan.

Allah ya halicci jikinmu da mai gadi a cikin ƙwaƙwalwa. Idan haɗari ya taso, kafin ka yi tunani mai gadin ya buga ƙararrawa: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jijiyoyi su ɗaure domin gudu ko kare kai. Bayan mummunan hatsari, mai gadin nan yakan riƙe duk abin da ya gani a ranar: ƙarar birki, warin fetur, fitilar tirela, irin kwanar da abin ya faru. Da ya sake cin karo da ɗayansu sai ya buga ƙararrawa, ko da babu komai. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa wasu suke mafarkin hatsarin, wasu su firgita da ƙarar hon, wasu su yi ta taka birkin da babu shi alhali suna kujerar fasinja.

Muna tsayawa a kan 2 Timoti 1:7, cewa ruhun da Allah ya ba mu na iko ne da ƙauna da kamunkai. Amma ka lura, an rubuta ayar ne ga Timoti, bawan Allah mai aminci, domin a ƙarfafa shi. Ba a rubuta ta domin a kunyata shi ba. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi a ɗaure ƙafar. Haka ya kamata mu yi da wanda hatsari ya raunata wa zuciya.

2. Ka ci abinci, ka huta, ka buɗe baki

Da dare na goma sha huɗu ya wuce, gari ya kusa wayewa, Bulus bai kira azumi ba. Ya roƙi mutanen jirgin, su 276, su ci abinci domin su sami ƙarfin tsira. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gabansu, ya fara ci, sai hankalinsu ya kwanta su ma suka ci (27:33-37). Akwai lokacin azumi, akwai kuma lokacin da biyayya ga Allah ita ce ka ci ka yi barci. Jikin da bai huta ba ya fi saurin firgita.

Ka guji neman barci ko ƙarfin hali a cikin giya, tiramadol, ko ƙwayar barcin da likita bai rubuta maka ba. Sukan danne tsoron na ɗan lokaci, su dawo maka da shi tare da sabuwar matsala, ga shi kuma suna rage saurin hankalin direba. Idan kanka ya bugu a hatsarin, kuma kana fama da ciwon kai mai tsanani, amai, jiri ko mantuwa, ka koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Sa'an nan ka faɗa wa wani. Bulus ya ce Allah ya ta'azantar da shi ta wurin zuwan Titus (2 Korintiyawa 7:6). Abu na farko da na roƙi ɗan'uwanmu direba shi ne ya je gida ya gaya wa matarsa gaskiya. Ya dawo ya ce mini, "Baba, ashe ta sani. Ta ce tana jin yadda nake zabura da dare, tana jira ne in yi magana." Nauyin ƙaryar da ya sauke a ranar ya kai rabin kayan da yake ɗauke da su.

3. Gudu yana ciyar da tsoro, ƙaramin mataki yana rage shi

Bulus ya yi wata uku a tsibirin Malita, har lokacin sanyi ya wuce, teku ta kwanta. Bai zauna ya naɗe hannu ba. Tun ranar farko ya shiga tara itacen wuta, daga baya ya yi wa marasa lafiya addu'a suka warke. Da lokaci ya yi, aya ta 11 ta sura 28 ta gaya mana a taƙaice cewa sun shiga wani jirgin Iskandariya suka tashi. Mutumin da ya fito daga teku bayan jirgi ya farfashe ya sake taka ƙafarsa a kan katako, domin Ubangiji ya ce sai ya tsaya a gaban Kaisar.

Duk ranar da ka kauce wa mota saboda tsoro, za ka ji sauƙi nan take. Amma mai gadin nan na ƙwaƙwalwa zai ɗauka cewa gudun ne ya cece ka, gobe sai ya ƙara ƙarfin ƙararrawa. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa hanyar kwance wannan ƙulli ita ce komawa ga abin tsoron da kaɗan-kaɗan, cikin tsari, har jiki ya koyi cewa hatsarin ya wuce. Ga yadda za ka iya jera matakan:

Na ɗaya, ka zauna a kujerar direba, mota tana tsaye, ba ka tayar da ita ba. Ka riƙe sitiyari minti goma ko sha biyar.
Na biyu, ka tayar da inji ka saurari ƙararsa, ba tare da ka motsa ba.
Na uku, ka zaga fili, kamar harabar majami'a ko filin makaranta bayan an tashi, da mutum mai natsuwa a gefenka.
Na huɗu, ka bi layin unguwa da sassafe kafin 'yan acaba da masu Keke su cika hanya.
Na biyar, ka shiga babban titi da shataletale da rana.
Na shida, ka fita bayan gari tafiya gajeriya, daga baya ka bi ta wurin da abin ya faru, da farko a matsayin fasinja, sa'an nan kai da kanka.

Ka maimaita kowane mataki kwanaki a jere har tsoronsa ya ragu sosai kafin ka hau na gaba. Kada ka fita daga motar a daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa. Ka ɗan jira ya fara sauka, gama yakan sauka. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar da ita a hankali kana ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Kana iya haɗa shi da gajeriyar addu'a, ko kiran sunan Yesu kawai. Idan firgita ta kama ka a kan hanya, ka kunna sigina, ka sauka gefe a wuri mai kyau, ka huta, sa'an nan ka ci gaba ko da tafiyar minti biyu ce. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Alkawarin Allah ba ya soke hankali

Tun kafin su tashi Bulus ya gargaɗe su cewa lokacin tafiya a teku ya wuce, ba su saurare shi ba (27:9-11). Bayan mala'ika ya tabbatar masa cewa ba ran da zai salwanta, ya ga matuƙan jirgin suna shirin sulalewa a ƙaramin kwalekwale, sai ya gaya wa sojoji cewa in waɗannan suka tafi, sauran ba za su tsira ba (aya 30-31). Yana riƙe da alkawarin Allah, yana kuma sa ido a kan matuƙa.

Mu ma mu shafa wa mota mai, mu rufe ta da jinin Yesu, sa'an nan mu duba taya da birki da fitila. Mu ɗaura bel, mu ajiye waya, mu ƙi tuƙi da barci a ido. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta kayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 100 a babbar hanya mai tagwayen titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122. Ka ajiye ta a wayarka. Idan kai fasinja ne direba yana gudun wuce sa'a, ka yi magana. Wannan ba tsoro ba ne, kamunkai ne.

5. Lokacin neman ƙarin taimako

Ga mutane da yawa alamun nan sukan lafa cikin 'yan makonni. Amma idan an wuce wata ɗaya kana ta mafarkin hatsarin, hoton abin yana faɗo maka da rana tsaka, ba ka iya aiki, ko fushi ya hana iyalinka sakewa, ka ga likitan da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, asibitocin koyarwa kuma suna da sashensa. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Luka da ya rubuta mana labarin wannan jirgi, yana cikinsa tare da Bulus, likita ne (Kolosiyawa 4:14). Idan tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, ka faɗa wa fastonka ko wani na kusa yau ɗin nan, a raka ka asibiti.

Akwai kuma wanda abin da ke cinsa ba tsoro kaɗai ba ne, laifi ne, domin wani ya ji rauni ko ya rasu a hannunsa. Idan da sakacinka a ciki, ka furta a gaban Allah bisa ga 1 Yohanna 1:9, ka nemi dattawan ikkilisiya su raka ka wurin iyalin, ka ɗauki abin da ya wajaba a kanka. Idan babu sakacinka, kada ka ɗora wa kanka hukuncin da Allah bai ɗora maka ba.

Kammalawa

Da Bulus ya kusa Roma, 'yan'uwa suka fito tafiya mai nisa domin su tarye shi. Da ya gan su ya gode wa Allah, ya sami ƙarfin zuciya (28:15). Ɗan'uwanmu direba ma haka ya samu. Dattawa biyu suka je wurin mai motar suka roƙa masa ƙarin lokaci. Wani tsohon direba a zumuntar maza ya riƙa zama gefensa kowace safiya suna zaga harabar majami'a. A mako na bakwai ya ɗauki fasinja a cikin gari. Yau yana bin tsohuwar hanyarsa. Ya ce har yanzu in ya zo gangaren nan bakinsa yakan bushe, sai ya rage gudu, ya ja numfashi, ya kira sunan Yesu, ya wuce.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa yakan yi wa mai bi wuya ya amsa cewa yana jin tsoro bayan ya ba da shaida?
2. Wane bambanci ka gani tsakanin gargaɗin Bulus a 27:10 da tsoron da ke hana mutum motsi?
3. Wane ne a ƙungiyarku yake bukatar wanda zai zauna gefensa a mota wannan mako?

Addu'a

Ya Uba, na gode da ka fisshe ni daga bakin mutuwa. Ka san abin da idona ya gani, ka san daren da ba na barci. Ka warkar da abin da hatsari ya raunata a cikina. Ka ba ni tawali'u in nemi taimako, da ƙarfin ɗaukar mataki na yau. Ka kiyaye fitata da shigata, da dukan waɗanda nake ɗauka. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.

Aikin wannan mako: Ka rubuta matakanka a takarda, ka nuna wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ku sa ranar fara mataki na ɗaya.